Bindigar Tsohon Sojan Safo

Gidanmu a Madarumfa yana gefen gari ta wajen tabki. In an gama girbi, an zuba damman gero a rumbu, sanyi kan taso daga ruwan tun kafin magariba, ya bi ta kan garake ya shigo mana har tsakar gida. A irin wannan lokaci Kaka Delu, mahaifiyar babanmu, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta da karan dawa da 'yan guntayen itace, ta cusa dankali cikin toka, ta zauna a kan 'yar kujerarta ta miƙe ƙafa. Mu kuwa da mun suɗe kwanon tuwo sai mu kewaye ta: ni Barira, sannan ban kai shekara goma ba, da ƙanena Habu, da duk ɗan maƙwabtan da uwarsa ba ta riga ta kira shi ba.

Kaka ɗiyar maharbi ce. Ubanta Azna ne, a wani ƙauye ta wajen Sarkin Yamma, kuma har ya mutu bai bar al'adar kakanninsa ba. Aure ne ya kawo ta Madarumfa, nan ta koyi salla. Shi ya sa tatsuniyoyinta suka sha bamban da na sauran tsofaffin unguwa. In ta kawo barewa, za ta gaya maka ta ina take juya hanci in iska ta sauya. In ta kawo zabon daji, sai ta kwaikwayi kukan da yake yi in ya hangi mutum, wanda ba shi ne wanda yake yi in ya hangi shaho ba. Dabbobinta suna magana kamar na kowa, amma ba sa yin abin da na daji ba su yi.

Akwai abu guda da sai an san shi za a gane labarin nan. Babanmu, Lawali, shi ne ɗanta na fari, kuma Kaka tana riƙe da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. In ya zo gaishe ta da safe yakan durƙusa daga waje, ita kuma ta amsa tana duban bango. In tana da saƙo, mu ake aika. “Ki ce ma mutumen can akuya ta tsinke.” Ko kuwa, “Ka gaya ma mai gidan nan danga ta faɗi ta gabas.” Mu ba mu ga abin mamaki a ciki ba, haka muka buɗe ido muka tarar.

A shekarar da nake magana, ina jin ba a fi 'yan shekaru da tafiyar Nasara, wato Turawan mulki, ba, wani gyado ya addabi garake. Aladen daji ne babba, mai haure kamar lauje. Garkarmu ce ta ƙarshe ta wajen kurmi, don haka mu ya fi yi wa ɓarna. Yakan zo ya tone rogo, ya ci rabi ya bar rabi, ya bi kan dankali ya tumurmushe. Baba ya yi shingen ƙaya, gyadon ya kutsa. Ya kwana yana buga gwangwani, gyadon ya bari sai ranar da Baba bai je ba. Rogon nan kuwa shi muke sa ran zai riƙe mu in gero ya ja baya, don daminar ba ta yi kyau ba.

Wata rana Baba ya ɗaura wa jaki akumari ya kora ɗan maraƙinmu ya nufi Safo. Da la'asar ya dawo babu maraƙi, sai wani dogon abu naɗe cikin tabarma. Bindiga ce. Ta wani tsohon soja ce da ya rasu, wanda kowa a yankin ya san shi da iya harbi. Ana cewa bai taɓa ɗaga ta sau biyu a kan dabba ɗaya ba. Sai dai ya daɗe da makancewa kafin ya rasu, bindigar tana soke a rufin ɗaki duk tsawon lokacin. Magadansa suka ba Baba ita tare da 'yan harsasai a cikin wata jakar fata. Ashe ya riga ya yi ta zirga-zirga ofishin kumandan har ya samo parmi, takardar izinin riƙe bindiga, bai gaya wa kowa ba.

Maza suka taru a ƙofar gida suna karɓa suna juyawa. Baba ya ce gobe da asuba zai je ya yi kwanto a bakin garka. Da ya shigo, Innarmu ta ajiye masa ruwa, ta ce a hankali, “Malam, da dai ka gwada ta tukuna.”

Ya ce, “In gwada da mi? Harsashin nan sai an tahi Maraɗi, kuma ba kullum ake samu ba. Bindigar da ta yi rayuwa a hannun soja, ni zan koya mata aiki?”

Da aka kira magariba ya jingine bindigar a jikin rumbu ya fita masallaci. Ina zaune ina tsince wake sai na ga Kaka ta taso. Ta ɗauki bindigar da hannu biyu, ba kamar yadda mata ke ɗaukar abin tsoro ba, ta juya bakin zuwa ƙasa, ta kai kunnenta kusa ta girgiza. Har daga inda nake na ji wani abu ya yi ƙwas-ƙwas. Ta shafa kan ƙarfen da babban yatsa, ta dubi yatsan, ta mayar da ita yadda take, ta koma ɗaki.

A daren nan ba mu roƙe ta ba. Kullum sai mun yi ta magiya tana cewa bakinta ya gaji, amma ranar muna zama ta gyara murya. Baba yana ƙarƙashin rumfa, bai fi taku kaɗan da mu ba, yana tufka igiyar guga. Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga wata baƙuwa nan ta taho daga nesa,” in ji ta. Haka take buɗe nata.

Muka ce, “Ta shigo ta sha ruwa.”

Ta ce a wani gari an yi wani tsohon maharbi wanda duk dabbobin daji sun san shi, suna kuma girmama shi, don in kwananka ya ƙare a hannunsa ba ka ma sanin ya ƙare. Da ya mutu, wani manomi mai suna Jatau ya sayi bindigarsa. Jatau mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, sai dai in ya sa abu a ransa yana so ya gama shi a ranar. Akwai wani gyado da ke shigar masa gona. Ran da ya kawo bindigar gida, a ranar ya cika ta ya tafi.

“Ya auna daidai,” in ji Kaka. “Kada ku ce bai iya ba. Ya auna bayan kafaɗa, inda aka halbin gyado. Hannunshi bai yi rawa ba. Amma bindiga ta daɗe ba a tambaye ta lahiyarta ba. Harsashi yab bar inda anka aike shi, yat tahi can baya, ya shiga cinya.”

Gyado ya ja ƙafa ya shige ciyawa. Jatau ya bi jini har ya ɓace masa, ya koma gida yana cewa ai zai mutu da kansa. Bai mutu ba. Ya samu wani duhun sabara a bakin hanyar rijiya ya kwanta, don ba ya iya zuwa nesa neman ruwa. Zomo ya zo duba shi, ya ce masa me ya sa ya kwanta kusa da mutane haka. Nan Kaka ta sauya murya, ta yi ta ƙasa-ƙasa kamar ta mai ciwo.

“Da ni ɓarawo ne, Zomo. In na ji tarin mutum sai in ruga. Yanzu ba ni da ƙafar gudu. Wanda duk ya matso, sai dai ni ko shi.”

Habu ya ce, “To mi ya sa bai tahi wajen likita ba?”

Muka yi dariya. Kaka ba ta yi ba. Ta tona toka ta juya dankali, sannan ta ci gaba. Ta ce da safe mata suka fito ɗibar ruwa, a cikinsu akwai ɗiyar Jatau, ta riga kowa gaba tana tsalle da ɗan tulunta.

“Yarinya kamar wagga,” in ji ta, ta ɗora hannu a kaina. “Tsawonsu guda. Ita ma da wushirya.”

Hannunta yana da ɗumin wuta, kuma ba ta ɗauke shi ba. Ta ce yarinyar ta ratsa kusa da sabarar, gyado ya taso. Ba ta faɗi abin da ya faru dalla-dalla ba. Ta dai ce yarinyar ta rayu, amma tun daga ranar ba ta sake yin tsalle ba, kuma in za ta rijiya sai da sanda. A nan na ji sautin tufkar igiya ya tsaya a ƙarƙashin rumfa. Ban waiga ba, ban san dalili ba, amma na ji bai kamata in waiga ba.

Jatau ya ɗauki bindigar zai jefa ta rijiya. A hanya ya gamu da matar tsohon maharbin, tsohuwa tukuf, ta tambaye shi ina za shi. Ya ce bindigar mijinta ta ci amanarsa. Tsohuwa ta ce ya zauna. Daga nan maganar Kaka ta zama a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa yarinya kaɗi.

“Tac ce mai: sunan da ka ji na mijina ne, ba na ƙarhe ba. Shi bai taɓa ɗaukarta zuwa daji ba sai ya leƙa cikinta ya ga haske ya hito ta ɗayan gehen. Ya zura igiya da tsumma ya yi ta ja har tsumma ya hito hwari. Ya bi kusoshin da ke riƙe ƙarhe da itace ya ɗaure, don in ƙarhe na motsi a kan itace, kowane halbi da tashi hanya. Sannan ya tahi wajen suri, inda babu kowa a bayanshi, ya kafa sakaina. Ba a tsaye zai halba ba, kwanciya zai yi ya ɗora ta kan buhu, don ya san laihin nata ne ba na hannunshi ba.”

Wani yaron maƙwabta ya fara gyangyaɗi. Ni kaina wannan wurin bai yi mini daɗi ba, na ƙosa a koma kan gyado. Kaka ba ta kula mu ba.

“Tac ce mai: halbi guda ba ya gaya maka komi. Sai ka sake, ka ga ko sun taru wuri guda. In sun taru, bindiga na da gaskiya, idonta ne ya karkace. Ɗan ƙarhen nan na kan baki, wanda aka aunawa da shi, sai ka ɗan buga shi ya bi wajen da harsashi ya tahi. Kaɗan, kamar kaurin ƙwayar gero. Jatau yac ce, ai harsashina zai ƙare. Tsohuwa tac ce, wanda ka kashe a kan suri ka san inda ya tahi.”

Jatau ya yi yadda aka ce. Ya koma bakin sabara, ya yi harbi ɗaya, gyado ya huta. Kaka ta zaro dankali ta ɓare ta rarraba mana, ta ce, “Baƙuwa ta gaji ta kwanta, kada wanda ya tashe ta.” Muka ci muka watse. Da na shiga ɗaki na hango Baba yana nan zaune, igiyar tana kan cinyarsa.

Da gari ya waye na tarar da shi a tsakar gida, bai je ko'ina ba. Ya shimfiɗa tabarma ya kwance bindigar. Ya ɗaga ƙarfen ya saita shi da rana ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya kira Inna ya ce ta duba. Babu haske ko kaɗan. Ya samo siririn tsinke ya zura, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Zanzaro ne ya yi gida a ciki, ya toshe shi tun ba a san yaushe ba. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati a hankali. Daga baya na ji maza suna cewa da ya harba ta a haka, ƙarfen ne zai fashe masa a fuska. Wannan ma babu shi a tatsuniyar.

Aikin ya ɗauke shi kwanaki. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya ɗaura a igiya, ya yi ta ja ta cikin ƙarfen. Na farko ya fito ja wur da tsatsa, na bayansa baƙi, har dai aka zo kan wanda ya fito kusan yadda ya shiga. Kusoshin da ke riƙe ƙarfen duk sun saki, su ne masu ƙwas-ƙwas ɗin nan. Ya ɗaure su da bakin wuƙa. Itacen ya tsage ta wajen wuya, ya naɗe wurin da ɗanyar fatar akuya, ya bar ta ta bushe ta kama kamar an haife su tare. Inna ta kawo masa man gyaɗa, sai muka ji muryar Kaka daga ɗaki tana cewa, “Barira, man gyaɗa na danƙo in ya kwana. Na keken ɗinki aka sa ma ƙarhe.” Ba ni ce mai riƙe da man ba, amma ni aka kira. Baba ya tashi ya tafi wajen tela.

A kwanakin nan gyado bai fasa zuwa ba. Ya cinye mana kusan layi biyu na rogo. Maƙwabta suka fara zolayar Baba, suna cewa ya ba da maraƙi ya samo abin wanki. Yakan yi murmushi ya wuce. Ran da ya tafi gwaji ya hana mu bin sa, sai dai mun ji ƙarar daga gida, ɗaya, a daɗe, sannan wata. Ya dawo da sakainar ƙwarya lafiya lau ko ƙwarzane babu. Ya gaya wa Inna, da murya yadda za a ji daga ɗakin Kaka, cewa harsasan sun taru wuri guda, amma can dama da sakainar, kusan kamu ɗaya. Ya zauna da 'yar guduma da guntun tagulla yana ƙwanƙwasa ɗan ƙarfen kan bakin, ya duba, ya sake taɓawa. Washegari ya dawo da sakaina a farfashe. Jakar harsashin kuwa ta kusa zama wayam.

Asubar da ta biyo baya muka ji ƙara guda daga wajen tabki. Muka jira ta biyu, ba ta zo ba. Da hantsi wasu Azna da ke noma kusa da mu suka zo da amalanke suka ɗauke naman, suna ta yi wa Baba godiya, don mu ba ma ci. Ya shigo gida jikinsa duk raɓa. Kaka tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce mini, “Ki ce ma mutumen can akwai ruwan zahi a tukunya.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Bindigar ta zauna a gidanmu shekaru. Ba ya jingine ta a bango saboda gara, rataye ta yake da igiya daga azara, cikin kube na fata, da ɗan tsumma a baki don zanzaro. Duk ranar da ya harba ta, ba ya cin abinci sai ya goge ta. In damina ta wuce kuma, ko da bai taɓa ta ba, sai ya kai ta wajen suri, don ya ce itace yana shan laima ya motsa. Ba shi da yawan harbi. Wata shekarar ma na suri ne kaɗai. Da gwamnati ta hana farauta ya kai ta wajen jandarma da hannunsa, a goge, da mai a jikinta.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi a kan gaggawa, kuma haka na riƙa ba 'ya'yana ita. Da na ƙara girma na ga wani abin a ciki. Mutum yakan gaji abu mai suna, ko gona ce ko sana'a ko gida, ya ɗauka sunan zai yi masa aiki, bai ga wahalar da mai shi na da yake sha a kai kullum ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Na kuma tambayi tsofaffi da yawa, a Madarumfa da Sarkin Yamma, ko sun san tatsuniyar Jatau da gyado. Ban samu wanda ya taɓa jin ta ba.

Bayan rasuwar Kaka da shekaru, Baba ya tsufa, na je gida na same shi yana shan hantsi a ƙofar ɗakin da yake nata a da. Hira ta kai mu kan gyadon nan. Na tambaye shi ko ya tuna tatsuniyar da aka yi mana a daren. Ya yi dariya kaɗan.

“Aka yi muku? Ku dai kun ci dankali.”

Ya ci gaba da murza carbi. Can ya ce, “Tun da ta haihe ni, ba ta taɓa yi mini magana mai tsawo kamar ta ran nan ba. Kuma ba ta sake ba. Ina zaune ina jin ta, ina roƙon Allah kada ta ƙare da wuri.”

Muka zauna tare har rana ta yi zafi, sannan na kama masa hannu muka koma inuwa.